Na yi rajista da CAC, me ya sa ake zuwa mini da kwaɗo?

Wata baiwar Allah mai gidan abinci a Zariya ta aiko da wannan tambaya: "Shekara uku ke nan da na yi rajistar sunan kasuwancina a CAC, takardar tana nan rataye a bango. Amma duk farkon shekara sai wasu su zo su ce lasisina ya ƙare, wannan ya ce daga jiha yake, wancan ya ce daga ƙaramar hukuma. Makon jiya har da kwaɗo suka zo. Shin takardar CAC ba ta isa ba ne?"

Hajiya, ba ta isa ba, kuma ba cutar ki aka yi da ita ba. Abin da CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, ta ba ki suna ne, shaidar cewa kasuwancin nan naki ne, wani ba zai ɗauki sunan ba, banki kuma zai buɗe miki asusu da shi. Izinin kafa tukunya a unguwa ki sayar wa jama'a abinci kuwa yana hannun jiha da ƙaramar hukuma, kuma yawancin takardunsu shekara guda suke yi su mutu. Ita ma CAC ɗin tana bin ki bayanin shekara-shekara, wanda dokar kamfanoni ta 2020 ta ce masu rajistar suna su miƙa kafin ƙarshen watan Yuni. Da yawa ba su sani ba sai ranar da suka je neman bashi ko kwangila, a ce musu tara ta taru.

Akwai dokar da nake so ki riƙe, wadda aka yi a 1998 zamanin Janar Abdulsalami Abubakar, ita ce ta raba wa kowane mataki na gwamnati abin da zai karɓa. Kuɗin rajistar wurin kasuwanci da sabunta shi na jiha ne, haka ma harajin kuɗin shigarki. A rubutun farko na dokar, mai shago a birni bai wuce naira 10,000 na rajista ba, sai 5,000 na sabuntawa duk shekara, a ƙauye kuwa 2,000 da 1,000. Kada ki je ki yi musu da waɗannan alƙaluma, domin jihohi sun yi nasu dokokin tun daga lokacin, na kawo su ne don ki ga asalin abin. Ƙaramar hukuma ita ke da kuɗin shago da rumfa, da na allon talla da kika kafa a ƙofa. Tsarin mulkin 1999 ma ya ambaci gidajen abinci da gidajen burodi cikin wuraren da take sa wa ido, shi ya sa duba-gari ke da hurumin leƙa madafarki ya nemi takardar gwajin lafiyar masu dafa abinci. Wannan kam ban ga laifinsa ba, ni ma da ke cin tuwon waje ina son a duba.

Inda ake cutar 'yan kasuwa shi ne wajen biya. Mutum ya zo da riga mai tambari, ya faɗi kuɗi da baki, a yi ciniki kamar ana sayen albasa, ki miƙa masa, ya yago wata 'yar takarda ya ba ki. Bayan wata biyu wani ya zo, ya ce sunanki ba ya cikin waɗanda suka biya, kuma gaskiya ya faɗa, don kuɗin bai taɓa shiga asusun gwamnati ba. A jihar Kaduna, dokar haraji ta 2016 ta hana karɓar tsabar kuɗi hannu da hannu, ta kuma tattara karɓar a hannun hukumar tara haraji ta jiha, wato KADIRS. Saboda haka duk wanda ya ce ki ba shi a hannu, ki ce ya kawo takardar neman biya mai ɗauke da sunan shagonki da adadin kuɗi da shekarar da ake nema, ke kuma ki biya ta banki.

Shawarata, kada ki jira su zo. Cikin watan Janairu ki ware yini guda, ki je ofishin haraji mafi kusa da sakatariyar ƙaramar hukumarku, ki nemi a rubuta miki duk abin da ake bin shago irin naki. Ki tafi da rasidan bara, ko da na bogi ne, don a ga ba gudun biya kike yi ba. In an ɗora miki bashin baya mai nauyi, ki rubuta takarda ki nemi a raba miki shi kashi-kashi, ki ajiye kwafi mai hatimi. In kina cikin ƙungiyar masu sayar da abinci ku tafi tare da shugabanninku, an fi jin maganar taro.

Jimillar kuɗin kuma ki raba ta gida goma sha biyu, duk wata ki cire kaso ɗaya daga ciniki kamar zubin adashi. Rasidan asali su zauna a gida, kwafinsu a shago, hotonsu a wayarki, don ranar da masu kwaɗo za su dawo wataƙila kina kasuwa, yarinyar shago kaɗai za su tarar.