Tambayi Baba Malam: Ko In Je Kufan Fir'auna a Luksor?

Assalamu alaikum Baba Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da yadi a Kasuwar Dole. A watan Disamba zan kai mahaifiyata Alƙahira a yi mata aikin ido, kuma likita ya ce za mu zauna mako uku. Ƙanwata za ta kula da ita, don haka nake son in ɗauki kwana biyu in je Luksor in ga gine-ginen mutanen da. Amma yayana ya ce gidan gumaka ne, ƙafar musulmi ba ta taka wurin. Na san kun taɓa zuwa. In je ko in haƙura?
Ɗanku, daga unguwar Zango, Damagaram.

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa a yi aikin a sa'a.

Ka je. Amma sai an yi aikin, an cire bandeji, ta ce maka da bakinta ka tafi.

Kada ka raina maganar yayanka, tana da tushe. Ni tarihi na koyar a kwalej shekara talatin, fatawa ta malamai ce, shi ya sa kafin tafiyata a Disambar 2010 na zauna gaban malamina a Birni da wannan tambayar taka. Ya kawo mini hadisin da ke cikin Buhari da Muslim, lokacin da Annabi (SAW) ya bi ta Hijir, garin Samudawa, a hanyar Tabuka, ya hana sahabbai shiga gidajen waɗanda aka yi wa azaba sai suna masu kuka. Sannan ya karanto mini Suratur Rum, inda aka umarce mu da yin tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance. Ya ce in haɗa biyun in riƙe: a shiga da natsuwa, ban da shewa da wasa, ban da neman albarka a jikin dutse. Ka kai wa yayanka wannan cikin ladabi, in ya so ku tafi wajen malaminku tare.

Daga Alƙahira zuwa Luksor kimanin kilomita 650 ne, bai kai nisan nan da Yamai ba. Jirgin ƙasa na dare yakan ci awa goma ko fiye. Ka sauka, ka yi wanka, ka nufi Karnak, babban ɗakin bautar Fir'aunoni, tun rana ba ta ɗaga ba.

A bakin ƙofa za ka ratsa tsakanin gumaka masu jikin zaki da kan rago, jere dama da hagu. Wuce su. Abin da ya tsayar da ni yana ciki: zaure mai ginshiƙai 134, goma sha biyu na tsakiya tsayinsu ya kai mita 21. Fir'auna Seti na ɗaya da ɗansa Ramsis na biyu ne suka yi aikinsa, fiye da shekara 3,000 ke nan. Na jingina sandata, na buɗe hannuwana a jikin ginshiƙi ɗaya, ko kwatansa ban rungume ba. Da na ɗaga kai sai na ga a ƙarƙashin duwatsun sama har yanzu akwai sauran fenti, shuɗi da ja da rawaya, inda rana ba ta kai. Mahaifina magini ne, da tubalin ƙasa ya ciyar da mu, don haka hankalina bai tsaya kan sarakunan ba. Masu sassaƙar na yi ta tunawa. Wa ya hau can sama da ƙoƙon fenti? Wa ya kai musu ruwa? Can gaba akwai hasumiyar sarauniya Hatshefsut, dutse ɗaya tal mai tsini, kusan mita 30, wanda aka sara a Aswan aka ɗauko ta kogin Nilu. Mu da muka tashi cikin duwatsun Damagaram mun san nauyin dutse. Na zauna a gindinta na daɗe ban ce uffan ba.

Da la'asar ka tafi ɗakin bauta na biyu, wanda ke tsakiyar garin Luksor. Hanya mai tsawon kusan kilomita 3 ta haɗa su, an gama tone ta an buɗe a Nuwamban 2021, ni ban same ta a buɗe ba. A ƙofar za ka ga hasumiya ɗaya maimakon biyu: ƴar'uwarta tana birnin Paris, an kafa ta can a 1836. Cikin farfajiyar ka ɗaga kai hagu, za ka ga masallaci a bisa kangon, tsohuwar ƙofarsa na rataye a sama ba matakala. Masallacin Shehu Abul Hajjaj ne, wanda ya rayu a ƙarni na 13. Lokacin da aka gina shi ƙasa ta binne wurin, mutane na zaune a kai. Da aka kwashe ƙasar sai ya rage a sama. A nan na yi sallar la'asar, ginshiƙan Fir'auna na cikin bangonsa, liman na kabbara. Duk tafiyar babu abin da ya shige ni kamar wannan. Ka ɗauko wa yayanka hotonsa.

Masu rakiya za su ce maka Ramsis na biyu ne Fir'aunan Annabi Musa (AS). Alƙur'ani bai faɗi suna ba, kada ka dawo kana bazawa a kasuwa kamar tabbas.

Ka yi ciniki da mai keken doki kafin ka hau, ku tsayar da kuɗin zuwa da dawowa. Ni ban yi ba, wani ya karɓe mini ninki uku, har yau abin na yi mini zafi. Kuɗin shiga kuwa yanzu da katin banki ake biya, ka tanada. Kada ka sa ko tsakuwa a aljihu, kada ka rubuta suna a bango. Dokar Masar ta kayan tarihi tana kai mutum kurkuku. Disamba sanyin asubarsu kamar hunturunmu ne, ka ɗauki rigar sanyi.

In lokaci ya rage, ka haye kogi zuwa Kwarin Sarakuna, inda aka gano kabarin Fir'auna Tutankamun a 1922. In bai rage ba, ka koma wajen Hajiya.

In kun dawo lafiya ka neme ni ta ofishin mujalla. Ina son ganin hoton hanyar nan da aka buɗe, ni kuma in zagaya da kai Birni ka ga abin da ya saura na ganuwar Sarki Tanimun.