Madubi da kyamara don sana'ar tsofaffin kwandaloli: me zan fara saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da tsofaffin kuɗi a Agege, su kwabo mai huji, anini, sule da fataka, wani lokaci har da azurfa. Yawancin cinikina yanzu ta WhatsApp da Instagram ne, masu saye kuma suna ƙorafin hotona ba ya fita. Na ware naira 250,000. A Kwamfuta Bilej, kasuwar kayan kwamfuta ta Ikeja, an nuna mini maikiroskof da aka ce yana ƙara girma sau 1,600, wani kuma ya ce babbar kyamara zan saya. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin ka zaro ko kwabo, ka raba aikin gida biyu: duba kaya kafin ka saya daban, ɗaukar hotonsa don ka sayar daban. Na farkon shi ke kare maka jari, don haka da shi za mu fara.

Wannan 1,600 da aka rubuta a jikin kwali kada ya ruɗe ka. Ƙananan na'urorin da ake jonawa da waya ko kwamfuta ba sa kaiwa can a zahiri, ko da sun kai ma ba ka da abin yi da shi. Aikin kwandala tsakanin sau 5 zuwa sau 40 yake ƙarewa. Abin da kake nema ƙananan haruffa ne, irin H ko KN da ke jikin wasu kuɗin Afirka ta Yamma na zamanin Turawa, alamar cewa kamfanonin Heaton ko King's Norton na Birmingham ne suka buga su. Kwandala biyu, shekara ɗaya, amma wannan ɗan harafi na iya raba farashinsu. Kana kuma neman shaidar jabu: kuɗin gaske bugawa ake yi, na jabu sau da yawa zubi ne, sai ka ga rubutun ya yi laɓo-laɓo, fuskar da ƙananan ramuka kamar ta zanzana, gefen kuma da layin haɗi. Duk wannan, ɗan madubin hannu mai sau 10, irin na 'yan gwal, zai nuna maka, kuma yana shiga aljihu ka tafi da shi Idi-Araba ko Mil 12 duk inda aka kira ka ganin kaya.

Tare da shi ka sayi sikeli mai auna har 0.01 na giram, da mayen ƙarfe. Ni a wurina sikelin nan ya fi maikiroskof muhimmanci, domin ido na ruɗuwa da kyan zane, nauyi kuwa da wuya maƙerin jabu ya dace da shi. Azurfar Maria Theresa, babbar kwandalar nan ta ƙasar Ostiriya, giram 28 ce da ɗan ɗoriya. Kuma tunda mun zo kanta: 1780 da ke jikinta ba shi ne shekarunta ba, an ci gaba da buga ta da wannan shekarar har zamaninmu, kada wani ya sa ka biya kuɗin tsufa. Azurfa ba ta bin mayen ƙarfe, amma ƙin binsa kaɗai bai isa shaida ba, tagulla ma ba ta bi. Sule da fataka na azurfa daga 1913 zuwa 1920 aka yi su, bayan nan aka koma farar tagulla.

Idan ka zo sayen maikiroskof ɗin, ka tafi Ikeja da kwandalolinka a aljihu, mafi girma da mafi ƙanƙanta. Ka sa a kunna a gabanka. Abu na farko, shin kwandalar gaba ɗayanta tana fita a allon? Da yawa daga cikin masu arha sandarsu gajeriya ce, rabin kwabo kawai za ka gani. Ka nemi mai doguwar sanda ta ƙarfe wadda ba ta rawa, mai allon kansa da wurin sa katin ajiya, wanda kuma za a iya rage fitilarsa ko a kashe ta. Kamfanonin Andonstar da Tomlov na yin irinsu, Dino-Lite ya fi su tsada. Ka tabbata yana aiki da fawa bank, ka san halin wuta. Ka karɓi rasit, a rubuta kwanakin da za ka iya dawo da shi.

Maganar babbar kyamara kuwa, ka jinkirta. Kyamarar kaɗai ba ta isa ba, sai ka ƙara gilashin ɗaukar abu na kusa, su biyun za su cinye kuɗin nan su nemi ƙari. Ƙorafin masu sayenka, ina da yaƙini, daga rawar hannu ne da haske, ba daga wayarka ba. Ka kafa wayar a kan mariƙi tana kallon ƙasa, tazarar kamar taƙi ɗaya, ka shimfiɗa baƙin ƙyalle mara sheƙi, ka kashe filasha. Fitila biyu daga gefe, ɗaya dama ɗaya hagu, ka tare kowace da farar takarda don hasken ya yi laushi. Hasken gefe shi ke fito da tudu da kwarin zane, na sama kuwa wanke fuskar yake yi. Ka sa agogon daƙiƙa uku ya ɗauka da kansa. Gaba, baya, gefe, sai hoto ɗaya a kan sikeli lambar na nunawa. Ka tura ta WhatsApp a matsayin fayil don kada ya rage ingancinsa.

Roƙona ɗaya: kada ka wanke kwandala da toka ko lemon tsami don ta yi kyau a hoto. Masu tarawa suna da nasu madubin, da sun ga ƙarzar goge sai farashi ya faɗi.

A lissafina duk waɗannan kada su wuce rabin abin da ka ware, sauran ya koma sayen kaya. Ka riƙa rubuta cinikin da hoto ya kawo na wata uku ko huɗu. Idan ribarsa ta isa biyan kyamara ba tare da taɓa uwar kuɗi ba, a lokacin sai ka saya. Kuma ka samo akwati mai rufuwa sosai da ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi, domin damshin Legas na sa gilashi ya yi fumfuna, tagulla kuma ta yi kore.