Mece ce ma'anar Min-jun, kuma yaya ake kiran mai sunan?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina yawan jin sunan Min-jun a fina-finan Koriya. Ƙawata ta ce ma'anarsa "mai kaifin basira", ni kuma na karanta cewa wani dutse ne mai daraja. Wa ke da gaskiya a cikinmu? Kuma na maza ne ko na mata?

Amsa: Malama, ku ajiye gardamar, kowaccenku tana da gaskiyarta. Ma'anar irin wannan suna ba a kunne take ba, a rubuce take. Ko da yake Sarki Sejong ya samar wa Koriya haruffanta na Hangul tun 1443, yawancin sunayen yanka har yau daga haruffan Sin ake tsamo su, waɗanda suke kira Hanja, kuma sauti guda yana iya zama na haruffa da dama. Akwai "min" mai nufin saurin fahimta, akwai "min" na wani dutse mai sheƙi, akwai kuma "min" da ke nufin jama'a. "Jun" galibi yana nufin haziƙi ko kyakkyawa. Sai ki tarar da yara biyu a aji ɗaya, duka Min-jun, amma abin da iyayensu suka rubuta a takardar haihuwa ya sha bamban. Ba kowane harafi ake yarda da shi ba ma: tun 1991 Kotun Ƙolin Koriya ta Kudu ke fitar da jerin waɗanda za a iya rajista da su.

Sunan maza ne, kuma wajajen 2010 yana sahun gaba cikin waɗanda aka fi raɗa wa jarirai. Ki dai kasa kunne da kyau, don Min-jung, mai "ng" a ƙarshe, galibi na mata ne.

Sunan dangi ne ke zuwa farko. A Son Heung-min, ɗan ƙwallon da ya yi tashe a Tottenham, Son ne na dangi. Yayansa kuwa Heung-yun ne, don tsohuwar al'ada ce 'yan'uwa su yi tarayya a gaɓa ɗaya ta suna.

Abin da ya fi burge ni shi ne kiran sunan. Uwa ko aboki sa'a zai ce "Min-jun-a", abokin aiki ya ce "Min-jun-ssi". Ƙane kuwa ba ya kama sunan yayansa gatsau, sai ya ce "hyung", ƙanwa ta ce "oppa". Ita mahaifiyarsa, maƙwabta sukan bar nata sunan su kira ta "Min-jun eomma", wato Maman Min-jun, kamar dai yadda za ki ji ana kiran matar gida a Kano ko Damagaram.