Kafin a sayar da gonar Baba don karatun zane

Ƙanena, saƙonka na uku ke nan cikin wata guda, wai kana so ka zo Italiya ka karanta tarihin zane-zane, har ana maganar sayar da gonar Baba. To, saurara.

Ba wanda ya gaya mini kafin in zo cewa tsohon zanen ƙasar nan galibinsa na coci ne. Makona na biyu a birnin Firenze aka kai mu ɗakin ibada na Brancacci, cikin cocin Santa Maria del Carmine. Ina ɗaga kai sai ga Adamu da Hauwa'u tsirara tik, mala'ika a sama da takobi yana koro su daga gonar Aidan. Wani mai zane, Masaccio, ne ya zana su wajen 1425, a kan ɗanyen yaɓe, kuma bai kai shekara 27 ba ya mutu. Adamu ya rufe fuska da tafukansa, Hauwa'u ta wage baki tana kururuwa, idanunta sun faɗa. A da can an taɓa rufe musu tsiraici da zanen ganye, masu gyara suka goge shi a shekarun 1980. Ni da na tashi a gidan da ko sunan annabi ba a kama shi gatsau, wallahi ƙasa na dinga kallo, 'yan ajinmu suna ta rubutu abinsu.

Wannan ma da sauƙi. Jarrabawa a nan da baki ake yi, maki 30, sai ka kai 18 ka tsira. Malamin ya tambaye ni macijin nan mai kan mutum da wani mai zanen, Masolino, ya zana daura da zanen Masaccio, ya kuma ce in bayyana zunubin gado, wato wanda Kiristoci ke cewa 'yan Adam sun gada daga Adamu. Na kwararo masa labarin yadda aka koya mana a Islamiyya. Ya miƙo mini katina, ya ce in dawo wani zaman. Ɗaki cike da mutane. Har yau in na tuna sai raina ya sosu. Dole na zauna da Littafin Farawa na Baibul, sura 1 zuwa 3, da Italiyanci, har na san wa ya fara cin 'ya'yan itacen da abin da ya sa Kiristoci ke kiran Almasihu sabon Adamu. Karo na biyu 28 na ci, ba kuma wanda ya ba ni satar amsa.

Biza da kuɗin haya ka riga ka sani, ba zan maimaita ba. Italiyancinka fa? Ko gaisuwa ba ka iya ba tukuna. Nemi hoton korar nan ta Masaccio a intanet, ka nuna wa Baba da kanka, ka ce shekara uku za ka yi kana kallon irinsa. Abin da ya ce, ka kira ni ranar Lahadi ka faɗa mini.