Filin Baba Katakis: Shin Fafaroma Ya Kashe Wutar Jahannama?

TAMBAYA: Baba Katakis, ina gaisuwa. Ni Musulmi ne, tela a Zariya, amma filinka ba ya wuce ni. Ina da aboki ɗan Katolika da muke shago ɗaya shekara tara. Kwanaki musu ya kaure a teburin mai shayi, wani ya ce ai marigayi Fafaroma Francis ya ce babu kowa a wuta. Abokina ya ce ƙarya ce, amma da na matsa masa sai ya ce shi kansa ya manta rabon da ya ji Fada ya yi wa'azi a kan wuta. Mu kuwa da wuya Juma'a ta wuce liman bai ambaci azaba ba. Kun daina yarda da Jahannama ne, ko kuwa kunyar faɗa kuke ji?

AMSA: Malam tela, na gode, Allah ya sa albarka a keken ɗinki. Mutumin teburin mai shayi ya ji ƙarshen magana ne bai ji farkonta ba. A watan Janairu na 2024 an yi hira da Francis a wani gidan talabijin na Italiya, sai ya fara da cewa abin da zai faɗa ba koyarwar bangaskiya ba ne, ra'ayinsa ne kawai: yana son ya riƙa tunanin Jahannama babu kowa a cikinta, kuma yana fatan haka ne. Fata ya yi, kuma fata nagari lamiri ne. Shi dai wannan Francis ɗin, a watan Maris na 2014, ya tsaya a wani coci a Rum gaban iyalan mutanen da 'yan Mafiya suka kashe, ya ce wa makasan su tuba tun da sauran lokaci, don wuta ce ke jiransu in suka ci gaba, kuma kuɗin jinin da suka tara ba za su tafi da shi lahira ba. Wanda bai yarda da wuta ba ba ya irin wannan magana.

Koyarwar Ikilisiya a rubuce take a Katekizim, wato littafin koyarwar Katolika da aka fitar a 1992, sakin layi na 1033 zuwa 1037. Jahannama gaskiya ce, kuma ta har abada ce. Wanda ya mutu cikin babban zunubi bai tuba ba, can ya nufa. Azabar da ta fi kowace zafi a cikinta ita ce rabuwa da Allah, rabuwar da ba komawa. Sannan Allah bai ƙaddara wa kowa shiga wuta ba, mutum ne ke juya baya da gangan ya kuma nace har numfashinsa na ƙarshe. Wannan ba sabuwar magana ba ce. Tun a shekara ta 543 aka yi tir da ra'ayin da ake dangantawa da wani malamin Iskandariya mai suna Orijin, wai azabar za ta ƙare wata rana har shaiɗanu su sami tsira. Babban taron shugabannin Ikilisiya da aka yi a Latiran, cikin Rum, a 1215 ya sake jaddada cewa hukuncin ba ya ƙarewa. A watan Yuli na 1999 Fafaroma John Paul na biyu ya bayyana cewa a fi fahimtar Jahannama a matsayin halin da mai ƙin Allah ya jefa kansa a ciki, fiye da wani wuri da za a nuna da yatsa. A lokacin ma wasu jaridu sun ce ya rushe wuta.

Kalmar ma tamu ce tare, Malam. Jahannama da kuke faɗa da Gehenna da ke cikin Bishara tushensu ɗaya: Kwarin Hinnom, a gefen kudu na Urushalima, inda sarakuna irin su Ahaz da Manassa suka ƙona 'ya'yansu hadaya ga gumaka, har Annabi Irmiya ya la'anci wurin. Sau 12 kalmar ta fito a Sabon Alkawari, kuma 11 daga bakin Yesu ne. Don haka ɗan Katolikan da ya ce babu wuta, da Ubangijinsa yake ja.

To me ya sa abokinka ya daɗe bai ji ba? Nan ne gaskiyarka take, ba zan yi maka kwana-kwana ba. Bayan babban taron Vatican na biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, an tsara karatun Lahadi ya riƙa zagayawa shekara uku-uku, kuma Fada yana wa'azi ne a kan karatun ranar, ba a kan abin da ya tashi da shi ba. An kuma sauya salon jana'iza, baƙar riga ta ja baya, maganar tashin matattu ta matso gaba. Amma wannan rabin dalili ne. Karatun wuta suna nan cikin jerin: Markus 9 da ke cewa gara ka yanke hannunka da ka shiga wuta da hannu biyu, Luka 16 da labarin mai arziki da Li'azaru, Matiyu 25 da tumaki da awaki. Idan ranarsu ta zo, masu wa'azi da yawa sukan zagaye su kamar mai zagaye kududdufi da sabon takalmi. Ni ma na yi.

Bari in ba ka labarin kaina. Ina saurayi aka tura ni wani ƙauye in riƙa jagorantar sujada, domin Fada sai bayan wata biyu yake zuwa a kan babur. Cocin na laka ne, rufin kwano, ga shi bazara. Wata Lahadi na zo da fitilar ƙwai, na cire ƙwan, na ɗaga lagwani, na kira wani yaro na ce ya kawo yatsansa kusa. Ya janye da sauri, mutane suka yi dariya, ni kuwa na ɗaure fuska na ce to ku auna wannan sau dubu, ba dare ba rana, ba ranar fita. Mata suka yi tsit, wata har da hawaye. Na fito ina jin na yi aiki. A bakin ƙofa wata tsohuwa, shugabar Zumuntar Mata, ta riƙe hannun rigata ta ce, "Malam, ka gaya mana zafinta, ba ka gaya mana wa za ta ci ba. Kowa a ciki maƙwabcinsa ya hango." Haka ne kuwa. Kafin yamma na ji an fara lissafin wane mashayi, wance mai yawo.

Tun daga ranar na koma na karanta ayoyin da kyau, kuma abin da na gani ya fi fitilar ba ni tsoro. Mai arzikin Luka 16 ba a ce ya yi sata ko zina ba. Yana cin daɗi kullum, Li'azaru na kwance a ƙofar gidansa karnuka na lasar miyakunsa, shi kuwa yana tsallake shi ya wuce. A Matiyu 25 tambayoyin shari'ar su ne: na ji yunwa, na ji ƙishi, na zo baƙo, ina tsirara, ina ciwo, ina kurkuku, me ka yi? A ganina wannan ne ya sa wa'azin ya yi nauyi a baki. In ka faɗe shi yadda yake, masu zama a bencin gaba, waɗanda suka sayi kwanon rufin cocin, su za su fara gyara zama. Tsoratar da talaka da wuta abu ne mai sauƙi, kuma na ga masu yin sa don baiko ya ƙaru. Ni dai ina ganin shirun da muka yi ya yi yawa, amma ba fitilar nake so a dawo da ita ba.

Ka kuma tambayi abokinka ko yana jan carbi. In yana ja, to sau biyar yake roƙon Yesu ya cece mu daga wutar Jahannama a kowane zagaye, da addu'ar nan da ta samo asali daga Fatima ta ƙasar Fotugal a 1917. Bakinsa na faɗa, kunnensa ne bai ji ba.

TAMBAYA: Baba, ni 'yar Katolika ce daga wani ƙauye kusa da Malumfashi. Mahaifina ya rasu bara yana Bamaguje, bai karɓi baftisma ba, ko da yake bai taɓa hana mu zuwa coci ba. A mota wani mai wa'azi ya ce duk wanda ya mutu haka yana wuta. Tun ranar barci ya ƙaurace mini.

AMSA: 'Yata, sannu da rashi, Allah ya ba ki haƙuri. Mai wa'azin motar nan ya faɗi abin da Fafaroma da kansa ba ya faɗa. Ikilisiya ta ambaci dubban mutane da suna ta ce tsarkaka ne, suna wurin Allah, amma ba ta taɓa yanke wa mutum ɗaya hukunci da suna ta ce yana wuta ba, ko da Yahuza Iskariyoti ne, duk da nauyin maganar da Bishara ta yi a kansa.

Ba zan ce miki baftisma wasa ce ba, umarnin Ubangiji ce. Sai dai Katekizim, a sakin layi na 1257, ya ce Allah ya ɗaura ceto a kan baftisma amma shi kansa ba a ɗaure yake ba. Takardar taron Vatican ta 1964 a kan Ikilisiya ta ce wanda bai san Bishara ba, ba da laifinsa ba, amma ya nemi Allah da zuciya ɗaya ya bi abin da lamirinsa ya nuna masa, zai iya samun ceto ta wurin alherin Almasihu. A wannan sashen ne ma aka ambaci Musulmi da suna, in Malam tela yana biye da mu. Za ki ce ai Baba ya ji Bishara, tun da 'ya'yansa na zuwa coci. Ji daban, ganewa daban. Kafin zunubi ya kai na mutuwa, wato babban zunubin da ke kai mutum wuta, sai abu uku sun haɗu: laifin babba ne, mutum ya san haka sarai, kuma ya aikata da cikakken nufi. Abin da ya shiga zuciyar tsohon nan, da abin da ya gudana tsakaninsa da Mahaliccinsa a daren ƙarshe, ni da ke da mai wa'azin mota babu wanda yake wurin.

Ba ni da ikon ce miki yana Aljanna, kamar yadda wancan ba shi da ikon cewa yana wuta. Abin da ke hannunki shi ne addu'a, kuma dokar Ikilisiya ta yarda a miƙa Mas, wato babbar sujadar da Fada ke jagoranta, domin kowa, rayayye ko matacce. Ki je ki sami Fada ko katakis ɗinku, ki ba da sunan Baba, musamman ranar 2 ga Nuwamba da muke tunawa da matattu. Idan barcin ya ci gaba da gagara, ki gaya wa ɗaya daga cikin iyayenki na Zumunta ta zo ta kwana biyu a wurinki. Ki sake rubuto mini bayan Nuwamba in ji yadda kike.