Kuɗin sarin dankali ba na hannun jari ba ne

Tambaya: Ina saro dankalin turawa daga Bokkos in kawo kasuwar Farin Gada a Jos. Idan kakarsa ta wuce, nakan ajiye kusan naira miliyan biyu a banki har sabo ya fito. Ɗan yayana ya nuna mini wata manhaja a waya, ya ce in zuba su a hannun jari ko cinikin kuɗaɗen waje, wai kafin damina sun ninka. In shiga?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Wannan miliyan biyun dai kada ka taɓa ta. Kuɗi ne mai ranar tashi, ita kuwa kasuwar hannayen jari ba ruwanta da ranarka. Tana iya faɗuwa a makon da motarka ke jiran lodi a Bokkos, ka sayar a kan tilas, uwar kuɗi ta gutsure. Tambayi waɗanda suka ga 2008. A watan Maris na shekarar ma'aunin farashin kasuwar ya haura maki 66,000, kafin shekara ta zagayo ya zube da fiye da rabi. Waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu su ne masu cin bashin banki su sayi hannun jari, da masu zuba jarin shago.

Ba hana ka nake yi ba. Hannun jari halastaccen mallaka ne: ka sayi wani yanki na kamfani irin su Dangote Cement ko MTN, in an ci riba a raba da kai, bayan gwamnati ta cire harajin kashi 10 cikin 100. Amma abin kamar dashen mangwaro ne, ba a tsinka a shekarar da aka dasa. Ware abin da za ka iya mantawa da shi shekara biyar, ko dubu ɗari biyu ce daga ribar bana, ka fara da shi, ka raba a kamfanoni uku ko huɗu da ka san abin da suke sayarwa.

Hanyar shiga ɗaya ce, ta hannun dillali mai rajista da SEC, hukumar da ke sa ido kan harkar hannayen jari, kuma mai lasisin ciniki a NGX, kasuwar hannayen jari ta Legas. Sunayensu na nan a shafin hukumar na intanet. Sa yaron ya nemo sunan kamfanin da ke bayan manhajar a gabanka, kana kallo. Dillalin gaskiya zai nemi BVN da katin shaida, ya buɗe maka asusu a CSCS, inda ake rubuta hannun jarin da sunanka, ya ba ka lambarka. Cike takardar da za a riƙa turo rabon ribarka kai tsaye banki, don mutane da yawa sun bar tasu tana kwance shekaru saboda wannan 'yar takardar. Kuma ana cire la'ada a saye, a cire a sayarwa, shi ya sa mai shiga da fita kullum dillali yake yi wa noma.

In batun halasci ne ke ranka, akwai jerin NGX Lotus Islamic na kamfanonin da aka tace bisa shari'a. Akwai kuma sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari bisa tsarin Musulunci, wanda aka fara a 2017 da naira biliyan 100 don gina hanyoyi, ana biyan masu zuba jari kuɗin haya duk wata shida.

Cinikin kuɗaɗen waje a waya kuwa, ka bar shi. Ana ba ka damar juya ninki ɗari na abin da ka ajiye, farashi ya goce da kashi 1 cikin 100 kacal, ajiyarka ta tafi kafin ka idar da sallar la'asar. Duk wanda ya yanka maka riba tun kafin a yi ciniki, ya ce kuɗi za su ninka a wata kaza, layin MMM ne da ta rufe da kuɗin jama'a a Disambar 2016, da CBEX a Afrilun 2025. Yaron ba lallai da mugun nufi ya zo ba, ƙila shi ma wani ne ya ja shi.

Kuɗin sarin, in ba ka so su zauna haka nan, je bankin da ba ya ta'ammali da kuɗin ruwa ka tambayi ajiyar mudaraba, wato wadda banki ke juya kuɗin a raba riba, ta wata uku ko shida. Ka sa su rubuta maka ranar da za ta cika, da abin da za a yanke in ka cire kafin lokaci.