Tambaya da Amsa: Man motata yana raguwa cikin dare, sata ce ko lalacewa?

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan a kan man fetur suke, kuma uku daga cikinsu sun haɗu a kan damuwa guda, wato man da aka saya da kuɗi mai yawa ya ɓace daga tanki ba tare da an yi tafiyar da ta kai shi ba. Su na zaɓa na amsa.

Tambaya ta farko, daga wani malamin sakandare a Zariya:

"Assalamu alaikum, Malam. Gidan hayar da nake ciki ba shi da wurin ajiye mota, saboda haka a bakin layi tsohuwar Golf ɗina take kwana. Sau uku ke nan cikin wata guda ina shan man naira dubu 20 da yamma, amma da safe sai in tarar allurar mai ta yi ƙasa sosai. Maƙwabcina ya ce yaran unguwa ne suke zuƙewa da tiyo, bakanikena kuma ya ce motar ce take zubarwa. Wa zan gaskata, kuma me ya kamata in yi?"

Wa'alaikumus salam, Malam, Allah ya mayar da alheri. Shawarata ita ce kada ka gaskata kowa daga cikinsu tukuna, har sai ka auna da kanka, domin maƙwabcinka da bakanikenka duk zato suke yi, kuma kowanne yana iya yin daidai.

Abu na farko da za ka gyara shi ne lissafi da naira, domin naira ta daina zama ma'aunin mai. Kafin ranar 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana cire tallafin mai a jawabinsa na kama mulki, lita ɗaya ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta haura naira 500 a garuruwan Arewa, a watan Yulin wannan shekarar ta kai naira 617 a Abuja, kuma a watan Oktoban 2024 ta wuce naira 1,000. Dubu 20 ɗin da a da za ta sayi fiye da lita 100, wato kusan cikin tankin Golf sau biyu tun da wajen lita 55 yake ci, a farashin naira 1,000 lita 20 kacal take saya. Saboda haka daga yau ka riƙa tambayar mai zuba mai lita nawa ya zuba, ka dubi famfon da idonka tun daga sifili, sannan ka rubuta.

Ita ma allurar mai ba shaida ce da za a kama mutum da ita ba. Wani ɗan abu ne yake yawo a saman man cikin tanki, kamar ƙwarya a kan ruwa, shi yake gaya wa allura inda man ya tsaya. Idan ka ajiye mota a gangare ko taya ɗaya ta hau tudu, allurar za ta nuna abin da ba shi ba ne, kuma a tsohuwar mota wannan abin yakan gaji ya riƙa maƙalewa. Gwajin da na fi amincewa da shi ba ya cin ko sisi. Ka ajiye motar a wuri guda mai shimfiɗe kowane dare, ka ɗauki hoton allurar da lambar kilomita da wayarka kafin ka kashe inji domin ka gwada da abin da za ka gani da safe, ka shimfiɗa busasshen kwali a ƙarƙashin tanki da wani a ƙarƙashin inji, sannan ka manna ɗan siririn salatif a kan ƙofar murfin tanki yadda ba mai lura da shi. Idan da safe kwalin ya yi tabo ko yana warin fetur, bakanikenka ya yi gaskiya, kuma ka gaggauta gyara domin yoyon fetur gobara ce mai jiran ashana. Idan kwalin a bushe yake amma salatif ya tsinke, ko ka ga karce a gefen ƙofar tanki, ko murfin ba a ɗaure yake yadda ka bar shi ba, to hannun mutum ya taɓa.

Idan ta tabbata sata ce, ban yi mamaki ba, domin tsofaffin motoci su ne suka fi sauƙin zuƙa: maƙogwaron tankinsu a buɗe yake, tiyo yana zarcewa har ƙasa, kuma cikin 'yan mintuna an cika galan. Yawancin motocin baya-bayan nan an sanya musu wani marfi a cikin bututun da yake hana tiyo wucewa. Ga irin motarka, murfin tanki mai makulli shi ne matakin farko, kuma kuɗinsa bai kai abin da ka yi asara ba. Ka riƙa ajiye motar da ɓangaren tanki a manne da bango, yadda mutum ba zai sami wurin tsugunawa ba, a kuma inda hasken fitila yake kaiwa. Ka daina shan mai da yamma in ba dole ba, ka mayar da shi safiya, yadda abin da zai kwana a tanki kaɗan ne. Amma kada ka mayar da tafiya da busasshen tanki al'ada, musamman ga masu mota mai famfon mai a cikin tanki, domin man ne yake sanyaya famfon, kuma idan ya ƙone kuɗin sabo ya fi na galan.

Akwai gargaɗi guda da ba zan tsallake ba. Ɓarawon da ya kasa zuƙa ta sama wani lokaci yakan shiga ƙarƙashin mota ya cire tiyon mai ko ya huda tankin, ya ɗebi abin da galan ɗinsa zai ɗauka ya bar sauran yana kwarara. Duk ranar da ka fito ka ji warin fetur mai ƙarfi ko ka ga jiƙa a ƙasa, kada ka tayar da motar, kada ka bari a kunna taba ko janareto a kusa, ka zuba yashi a kan abin da ya zube ka kira bakanike ya zo inda take. Kuma kada ka yarda wani mai walda ya ce zai toshe hudar nan take don an juye man, saboda tururin da ya rage a cikin tanki shi ne yake fashewa, ba ruwan man ba.

Abin da ya fi duk waɗannan shi ne ku haɗa kai da sauran masu ababen hawa a layinku, ku sanar da mai unguwa, ku ɗauki mai gadi ko ku roƙi 'yan sintiri su riƙa ratsa layin bayan tsakar dare. Idan akwai gidan mai ko wani fili mai gadi a kusa da ake biyan kuɗin kwanan mota, ka gwada kuɗin wata da asarar da ka yi sau uku, za ka ga wanda ya fi araha.

Tambaya ta biyu, daga wata 'yar kasuwa a Kano:

"Malam, direbana ya shekara 6 yana kai yarana makaranta, ban taɓa kama shi da komai ba. Amma yanzu man da nake saya ranar Litinin ba ya kai Alhamis. 'Yan'uwana sun ce in sallame shi domin yana sayar wa 'yan bumburutu. Zuciyata ba ta kwanta ba."

Hajiya, rashin kwanciyar zuciyar nan taki ita ce daidai, kuma ina roƙonki kada ki sallami mutumin da ya riƙe miki amanar 'ya'ya shekara 6 a kan maganar da babu wanda ya gani da ido. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma direban da aka kora da sunan sata da wuya ya sake samun aiki a garin.

Ba ina cewa ba a yi ba. Ana yi, kuma hanyoyin sanannu ne: a karɓi kuɗin lita 20 a sha 15 bisa haɗin baki da mai zuba mai, ko a zuƙe galan guda a wani lungu, ko a ɗauki fasinja da motar bayan an sauke yara. Amma duk hanyoyin nan suna barin sawu a lissafi, kuma lissafin mai sauƙi ne. Ki je gidan mai da kanki, a cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ki rubuta lambar kilomita. Bayan mako guda ki koma gidan man nan a sake cikawa, ki raba kilomitar da aka yi da litar da ta shiga. Ƙaramar mota mai lafiya a cikin gari takan yi wajen kilomita 9 zuwa 12 da lita ɗaya. Ki yi mako guda kina cikin motar ko wani naki yana ciki, sannan ki yi wani makon direba shi kaɗai. Idan kilomita ta ƙaru fiye da hanyar makaranta da kasuwa, ana yawo da motar. Idan kilomita ba ta canja ba amma man da motar ta sha ya ƙaru a makon da yake shi kaɗai, to akwai tambayar da zai amsa. Idan kuwa makonnin biyu sun zo daidai, motar ce take buƙatar bakanike, a duba fulogi da matatar iska da iskar taya. Ki tuna kuma cewa motar da take tsaye da inji a kunne da na'urar sanyi, a ƙofar makaranta ko cikin cunkoson Kantin Kwari, tana iya shan kusan lita guda a sa'a ba tare da ta yi ko taku ɗaya ba. Idan shakkarki ta koma kan gidan man, hukumar NMDPRA ce take da alhakin sa ido a kan gidajen mai, kuma takan rufe waɗanda aka kama da tauye mudu.

Ki gaya masa a fili cewa tsadar mai ta sa za ki fara rubuta lita da kilomita a littafi, ku riƙa sa hannu tare. Mai gaskiya zai yi murna da wannan littafin domin shi zai wanke shi. Sannan, Hajiya, ki dubi albashinsa. Idan abin da kike biyansa tun kafin 2023 shi ne har yau, alhali kuɗin motar da yake biya daga gidansa zuwa naki ya ninka, to idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wannan ba ya halatta cin amana, amma gyara shi yana hannunki.

Tambaya ta uku, daga wani ɗan kwamitin tsaro na unguwa a Gusau:

"Mun kama wani yaro da asuba yana cire tiyon babur yana tara mai a gora, kuma ya amsa cewa shi yake zuƙar na motoci da baki. Matasa sun so su dake shi, muka hana. Yana ta tari yana cewa ya haɗiyi mai. Wasu sun ce a ba shi manja ya amayar. Mene ne daidai?"

Allah ya saka muku da alheri da kuka hana duka, ɗan'uwa, domin da ya mutu a hannun matasan nan da maganar galan guda ta koma shari'ar kisan kai. Sata laifi ce da doka ta tanadi hukuncinta: sashe na 287 na Final Kod, wato kundin dokokin hukunta laifuka na Arewa, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5, ko tara, ko duka biyun, kuma jihohi da dama suna da nasu dokokin da suka sabunta. Hukuncin na kotu ne. Naku shi ne ku kira iyayensa da mai unguwa, ku miƙa shi ga 'yan sanda, kuma ku tambaye shi wa yake sayar wa man, domin yaro ba ya shiga ƙarƙashin mota da asuba sai ya san akwai ɓarawon zaune da zai karɓa ya ɗura a kwalba. Masu babur kuma su riƙa shigar da shi cikin gida ko zaure, tun da tiyonsa a waje yake kuma da hannu ake zare shi.

Amma asibiti ne gaba da caji ofis. Kada a ba shi manja ko madara ko ruwan gishiri don ya yi amai, kuma kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. Haɗarin fetur ba a ciki ya fi yawa ba, a huhu yake: ɗan kaɗan idan ya sarƙe mutum ya shiga hanyar numfashi yana ƙona huhu ya kumbura shi, kuma amai shi ne yake sake tura man zuwa can. Tarin da kuka ce yana yi alama ce da ba a wasa da ita, kuma wani lokaci zazzaɓi da haki ba sa bayyana sai bayan sa'o'i, lokacin da kowa ya ɗauka ya warware. Ku cire masa rigar da ta jiƙe da mai, ku wanke masa jiki da ruwa da sabulu nesa da wuta, ku zaunar da shi inda iska take, sannan ku kai shi asibiti ba tare da jira ba, ku gaya wa likita abin da ya haɗiya da kuma lokacin da abin ya faru.